Jimi Hendrix: Bahagon da ya sauya muryar jita

A ranar 18 ga watan Satumba na shekarar 1970 ne Jimi Hendrix ya mutu a birnin Landan, yana da shekaru 27 da haihuwa.

Shekaru huɗu kacal ya yi yana tashe, kuma faya-fayai huɗu ne suka fito da sabbin waƙoƙinsa yana raye. Amma fiye da shekaru hamsin bayan mutuwarsa, duk lokacin da masana kiɗa suka zauna jera sunayen gwanayen jita, da nasa ake farawa. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta sanya shi a matsayi na ɗaya a jerin da ta wallafa a 2003, ta kuma maimaita hakan a 2011 da 2023.

Jama'a da dama sun fi tuna shi da cinna wa jita wuta, ko kaɗa ta da haƙora. Sai dai tushen gwanintarsa shi ne kiɗan blues na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, wanda ya ɗauka ya kai shi inda magabatansa ba su kai ba. Kuma sai da ya ƙetare teku Turawan Ingila suka yaba masa, kafin ƙasarsa ta haihuwa ta san darajarsa.

Yaron da ke kaɗa tsintsiya

An haife shi a birnin Seattle na jihar Washington ranar 27 ga watan Nuwamba na 1942. Mahaifiyarsa, Lucille, ta raɗa masa suna Johnny Allen, domin mahaifinsa, Al Hendrix, yana aikin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba a ba shi izinin zuwa gida ba. Uban bai sa ɗansa a ido ba sai a 1945, kuma shekara guda bayan haka ya sauya masa suna zuwa James Marshall Hendrix.

Gida ne na talauci da yawan husuma. Iyayen suna shan barasa, ana ƙaura daga wannan ɗaki na haya zuwa wancan, yaron kuma yakan yi zaman riƙo a hannun dangi, ciki har da kakarsa da ke Vancouver a ƙasar Kanada. Auren ya mutu a 1951. A watan Fabrairun 1958 mahaifiyar ta rasu bayan fama da ciwon hanta, kuma bai samu halartar jana'izarta ba.

Yana makarantar firamare aka lura cewa ba ya rabuwa da wata tsintsiya mai dogon mariƙi, wadda yake rungumewa yana kwaikwayon masu kaɗa jita. A 1958 ya mallaki jitarsa ta farko a kan dala biyar, sannan a shekarar da ta biyo baya mahaifinsa ya saya masa mai amfani da lantarki.

Babu malamin da ya zaunar da shi, kuma har ya mutu bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Rediyo da faya-fayai ne makarantarsa. A nan ya saurari Muddy Waters da Howlin' Wolf da B.B. King da Elmore James, yana bin sautinsu da kunne har yatsunsa suka saba.

Gadon da ya tarar

Kiɗan blues ya samo asali ne a ƙarshen ƙarni na 19 a tsakanin jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, musamman a gonakin auduga na jihar Mississippi. Waƙa ce ta kukan zuci, wadda ke magana a kan wahalar aiki da rabuwar masoya da bashi da ƙaura. Mawaƙin yakan rera baiti, jitarsa ta amsa masa, tamkar yadda 'yan amshi ke karɓa wa ubangidansu.

Masanin kiɗan nan ɗan ƙasar Austria, Gerhard Kubik, a littafin da ya wallafa a 1999, ya danganta wasu siffofin blues da kiɗan yankin Sahel na Afirka ta Yamma, inda ake da al'adar mawaƙi guda da abin kiɗansa mai tsirkiya, irin su goge.

Robert Johnson, wanda ya mutu a 1938, shi ma yana da shekaru 27, ya bar waƙoƙi 29 da ya ɗauka da jitar katako. Bayan da miliyoyin baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa biranen arewa, Muddy Waters ya haɗa wannan kiɗa da wutar lantarki a Chicago, domin a ji shi cikin hayaniyar gidajen rawa. Daga wannan tsatso ne kiɗan rock ya tsiro a shekarun 1950.

Daga bariki zuwa bayan dandamali

Hendrix bai kammala makarantar sakandare ba. A 1961, bayan da 'yan sanda suka kama shi sau biyu a cikin motocin sata, aka ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da aikin soja. Ya zaɓi soja, aka tura shi runduna ta 101 ta sojojin laima a barikin Fort Campbell da ke jihar Kentucky.

Aikin bai karɓe shi ba, domin hankalinsa na kan jita dare da rana, kuma an sallame shi a 1962. Ribar da ya samu a bariki ita ce haɗuwarsa da Billy Cox, wani soja mai kaɗa babbar jita mai kaurin murya, wanda ya zame masa amini har ƙarshen rayuwarsa.

Shekaru huɗun da suka biyo baya ya yi su ne yana yawon kiɗa a gidajen rawa na baƙaƙen fata, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin ƙasar. Ya yi wa manyan mawaƙa kiɗa, ciki har da Isley Brothers a 1964 da Little Richard a 1965. A wannan yawo ya koyi yadda ake riƙe taro, amma bai cika daɗewa a wurin ubangida ɗaya ba. Aikin ɗan kiɗa shi ne ya tsaya a baya cikin tufafi iri ɗaya da na sauran, shi kuwa ya ƙi tsayawa. Saɓani a kan makara da sutura da jan hankalin 'yan kallo ne ya raba shi da Little Richard.

A watan Oktoban 1965, yana cikin tsananin rashin kuɗi a New York, ya sanya hannu a kan wata yarjejeniya ta shekaru uku da wani mai shirya faya-fayai, Ed Chalpin, a kan dala ɗaya da kuma kashi ɗaya cikin ɗari na ribar ciniki. Wannan takarda ta bi shi da shari'a har bayan ya shahara.

Landan ta buɗe ƙofa

A 1966 yana wasa a wani ƙaramin gidan shan shayi da ake kira Cafe Wha? a unguwar Greenwich Village ta New York, sai Chas Chandler, makaɗin rukunin Animals na Ingila wanda ke shirin komawa harkar kula da mawaƙa, ya ji shi. Ranar 24 ga watan Satumba na wannan shekara suka sauka a Landan tare.

Ingilar da ya tarar cike take da matasan Turawa waɗanda suka koyi blues daga faya-fayan da ake shigowa da su daga Amurka, suka kuma riƙe shi da muhimmanci fiye da yadda akasarin fararen fatar Amurka suka yi. A cikinsu babu wanda ya kai Eric Clapton suna, wanda magoya bayansa ke rubuta kalaman kambama shi a bangon gine-gine.

Mako guda da isowarsa, ranar 1 ga watan Oktoba, Hendrix ya nemi a bar shi ya hau dandamali tare da rukunin Cream na su Clapton a wata kwalejin fasaha da ke titin Regent. Ya kaɗa waƙar Killing Floor ta Howlin' Wolf da wani irin sauri da ƙarfi, har Clapton ya dakatar da nasa kiɗan ya koma gefe. Cikin 'yan makonni labari ya bazu, su Jeff Beck da Pete Townshend da mawaƙan Beatles suka riƙa zuwa kallonsa.

Chandler ya haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding a kan babbar jita da Mitch Mitchell a kan ganguna, aka kafa rukunin Jimi Hendrix Experience. Waƙarsu ta farko, Hey Joe, ta kai matsayi na shida a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, Purple Haze kuma ta kai na uku. Faifansu na farko, Are You Experienced, wanda ya fito a watan Mayun 1967, ya tsaya a matsayi na biyu, kuma faifan Sgt. Pepper na Beatles ne kaɗai ya sha gabansa.

Tsakaninsa da sauran gwanaye

Domin a fahimci abin da Hendrix ya zo da shi, sai an ajiye shi kusa da waɗanda ya koya daga gare su.

B.B. King, wanda ya rasu a 2015, gwani ne na taƙaitawa. Yakan taɓa tsirkiya ɗaya, ya girgiza yatsansa a kanta har sautin ya yi rawa kamar muryar mai kuka, sannan ya yi shiru. Ba ya kaɗa jitarsa, wadda ya raɗa wa suna Lucille, a daidai lokacin da yake waƙa. Sai ya kai ƙarshen baiti take amsawa. Hendrix ya ɗauki wannan girgiza yatsa, amma bai ɗauki yawan shirun ba.

Albert King, wanda ya rasu a 1992, bahago ne kamar Hendrix, kuma dukkansu jitar na-dama suka riƙa juyawa. Bambancin shi ne Albert King yakan bar tsirkiyoyin yadda suke, siraran suna sama, don haka yana jan su ƙasa da ƙarfin hannu, abin da ke ba kiɗansa wata irin doguwar ƙara mai ratsa jiki. Hendrix kuwa yakan kwance tsirkiyoyin jitarsa samfurin Fender Stratocaster ya sake jera su, masu kauri su dawo sama. A watan Fabrairun 1968 mutanen biyu sun yi wasa a dandamali ɗaya a San Francisco, kuma da yawa daga matasan da suka je domin Hendrix sun koma gida suna zancen dattijon.

Kaɗa jita a bayan ƙeya ma ba Hendrix ne ya ƙirƙiro ba. T-Bone Walker yana yin haka tun shekarun 1940, Buddy Guy kuma ya shahara da irin wannan wasa a Chicago. Ga baƙaƙen fatar kudu tsohon yayi ne. Turawan Landan ne ba su taɓa gani ba.

Daga Curtis Mayfield ya koyi taushin hannu, wato yadda ake saƙa ƙananan sautuka a cikin kiɗan rakiya. Wannan shi ne abin da ake ji a waƙoƙinsa masu sanyi irin su Little Wing. Dogayen yatsunsa sun ba shi damar danne tsirkiya mafi kauri da babban yatsa, sauran huɗun suna wani aikin, ta yadda mai sauraro kan zaci mutum biyu ne ke kiɗa.

Clapton ɗalibi ne mai kiyaye ƙa'ida, wanda ya haddace salon su Freddie King da Robert Johnson, yana kuma fitar da shi tsaf babu kuskure. Hendrix ya fi shi kasada, yakan yi kuskure a bainar jama'a ya kuma mai da kuskuren wani ɓangare na kiɗan. Masu fifita Clapton ko B.B. King na kafa hujja da tsafta da natsuwa, kuma gaskiya ne cewa wasu wasannin Hendrix na ƙarshe sun kasance a hargitse.

Inda ya yi musu zarra shi ne yadda ya ɗauki wutar lantarki kanta a matsayin abin kiɗa. Idan aka ƙure na'urar ƙara sauti, aka kuma kusanto da jita gaban lasifika, sautin kan koma cikin jitar ya sake fitowa, ya zama wata ƙara mai kashe kunne. Akasarin makaɗa gudun wannan ƙara suke yi. Shi kuwa ya koyi sarrafa ta da matsayin jikinsa, ya mai da ita doguwar murya mai hawa da sauka. Ya yi amfani da manyan na'urorin Marshall, da wasu ƙananan akwatuna da ake takawa da ƙafa domin sauya launin sauti, waɗanda wani injiniya ɗan Ingila, Roger Mayer, ya ƙera masa wasu daga cikinsu.

Komawa gida

Paul McCartney ne ya ba da shawarar a gayyace shi bikin kiɗa na Monterey a jihar California. Ranar 18 ga watan Yunin 1967 ya rufe wasansa da zuba wa jitarsa mai ya cinna mata wuta. Hoton wannan dare ya zagaye duniya, kuma mutumin da ya bar Amurka ba a san shi ba watanni tara da suka wuce ya wayi gari tauraro.

Faifansa na biyu, Axis: Bold as Love, ya fito a ƙarshen 1967. Na ukun, Electric Ladyland, ya fito a watan Oktoban 1968 ya kuma kai matsayi na ɗaya a Amurka. A cikinsa ne ya sake rera waƙar Bob Dylan mai suna All Along the Watchtower, kuma daga baya Dylan da kansa ya koma kaɗa ta a salon da ya yi kusa da na Hendrix.

A bikin Woodstock na watan Agustan 1969, wanda aka ƙiyasta mutane kimanin 400,000 sun halarta, shi aka ajiye ya rufe taro. Ruwan sama da jinkiri suka sa bai hau dandamali ba sai safiyar Litinin, 18 ga wata, lokacin da mafi yawan jama'a sun watse. A nan ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita, yana cusa sautukan da suka yi kama da faɗuwar bama-bamai da jiniya da kururuwar mutane. Ana tsakiyar yaƙin Vietnam a lokacin, don haka wasu suka ɗauki abin a matsayin zanga-zanga, wasu kuma suka kira shi cin mutuncin ƙasa.

Nauyin ɗaukaka

Shahara ta zo masa da wata damuwa. Akasarin masu sayen faya-fayansa da masu cika wuraren wasansa fararen fata ne, gidajen rediyon baƙaƙen fata kuma ba su cika sanya waƙoƙinsa ba. Wasu masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata sun matsa masa ya fito fili ya shiga gwagwarmaya, wasu kuma suna masa kallon mai nishaɗantar da Turawa. A watan Satumban 1969 ya yi wasa kyauta a kan titi a unguwar Harlem, amma tarbar da ya samu ba ta kai yadda ya yi fata ba.

Chandler ya riga ya rabu da shi tun a 1968, saboda gajiya da yadda yake maimaita ɗaukar waƙa ɗaya sau da dama da kuma cincirindon 'yan rakiya a ɗakin naɗar sauti. Redding ya fice a watan Yunin 1969. A watan Mayun wannan shekara jami'an kwastan a filin jirgin saman Toronto suka samu miyagun ƙwayoyi a jakarsa, kuma ya yi watanni bakwai yana fargabar ɗauri kafin kotu ta wanke shi a watan Disamba.

Domin warware shari'ar tsohuwar yarjejeniyar nan ta dala ɗaya, sai da ya ba da faifai guda sukutum. Ya haɗu da Billy Cox da makaɗin ganguna Buddy Miles, dukkansu baƙaƙen fata, suka yi wasa a zauren Fillmore East na New York a daren shiga shekarar 1970 da kuma washegari. Daga nan aka samu faifan Band of Gypsys, mai ɗauke da Machine Gun, waƙar da ta zarce minti goma sha biyu, wadda masana da dama ke ɗauka a matsayin ƙololuwar gwanintarsa. A cikinta jitar na kwaikwayon harbin bindiga da kukan waɗanda aka harba, amma ginshiƙinta blues ne tsantsa.

Ya zuba kuɗi kimanin dala miliyan ɗaya wajen gina ɗakin naɗar sauti nasa na kansa, Electric Lady, a New York. Wannan ɗawainiya ta tilasta masa ci gaba da yawon wasanni duk da gajiyar da ta bayyana a jikinsa, ga rashin barci, ga shan ƙwayoyi da barasa. An yi bikin buɗe ɗakin a ƙarshen watan Agustan 1970, kuma washegari ya tashi zuwa Ingila.

Kwanakin ƙarshe

Ya yi wasa a bikin tsibirin Wight a gaban dubban ɗaruruwan mutane, sannan ya zarce wasu ƙasashen Turai. Babban wasansa na ƙarshe shi ne na tsibirin Fehmarn a Jamus ranar 6 ga watan Satumba. Daren 16 ga wata ya ɗan taɓa jita tare da Eric Burdon a gidan kiɗa na Ronnie Scott a Landan, kuma daga nan jama'a ba su sake jin sa ba.

Safiyar 18 ga wata aka same shi ba ya cikin hayyacinsa a masaukin wata budurwarsa 'yar Jamus a otel ɗin Samarkand da ke unguwar Notting Hill. An garzaya da shi asibitin St Mary Abbots, inda aka tabbatar da mutuwarsa. Bincike ya nuna cewa ya sha ƙwayoyin barci masu ƙarfi har guda tara, amai ya shaƙe shi yana barci. Jami'in binciken musabbabin mutuwa bai samu hujjar cewa da gangan ya yi ba, don haka ya bar hukuncin a buɗe.

Clapton ya ba da labarin cewa a daidai wannan lokaci ya sayi wata jita ta bahagwai da niyyar ba shi kyauta, amma ba su haɗu ba.

An binne shi ranar 1 ga watan Oktoba a maƙabartar Greenwood da ke Renton, kusa da Seattle. Kwanaki uku bayan haka mawaƙiya Janis Joplin ta mutu, ita ma tana da shekaru 27.

Bayan ransa

Hendrix bai bar wasiyya ba, kuma an shafe shekaru ana taƙaddama a kan dukiyarsa. Sai a 1995 mahaifinsa ya yi nasarar karɓo ikon mallakar waƙoƙin, shekaru bakwai kafin shi ma ya rasu. A 1997 aka liƙa allon tunawa da shi a gida mai lamba 23 a titin Brook na Landan, inda ya taɓa zama, maƙwabcin gidan da mawallafin kiɗan nan George Frideric Handel ya zauna a ƙarni na 18.

Tasirinsa ya bayyana a hannun makaɗa irin su Stevie Ray Vaughan na jihar Texas, wanda ya haɗa salonsa da na Albert King ya farfaɗo da kasuwar blues a shekarun 1980, kafin ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 1990. Haka nan ana jin sa a kiɗan Prince.

Sau ɗaya ya taka ƙasar Afirka, lokacin da ya je hutu Moroko a 1969, amma kiɗansa ya isa Sahara. Bombino, makaɗin Abzinawa daga Agadas a Jamhuriyar Nijar, ya koyi wasu dabarunsa ne ta hanyar kallon bidiyon Hendrix lokacin da yake gudun hijira a shekarun 1990. Mdou Moctar, wani ɗan Nijar ɗin daga jihar Tahoua, wanda jaridun Turai da Amurka suka sha kwatantawa da Hendrix, shi ma bahago ne, kuma jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke ya haɗa ta.